Gyaran Gidaje don Tsimin Makamashi: Inda Ribar Take Fitowa

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya karkata ne ga wasu manufofin gwamnati da ake kira tsimin makamashi a gidaje, wato duk wata doka ko tallafi da hukuma ke fitarwa domin gida ya riƙa ba mazaunansa ɗumi ko sanyi ko haske ba tare da ya ci wutar lantarki da gas da itace kamar yadda yake ci a da ba. Galibi ana kafa irin waɗannan manufofi da hujjar rage kuɗin wuta da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai dai binciken da aka gudanar a ƙasar Niyu Zilan tun daga shekarar 2001 ya nuna cewa babbar ribarsu tana bayyana ne a littattafan asibiti da rajistar makaranta, kuma wannan riba tana samuwa ne idan aikin ya isa gidan da ya fi buƙata, aka kuma yi shi da kyau.

Niyu Zilan tsibirai ne a kudancin tekun Fasifik, inda hunturu ke faɗowa tsakanin watan Yuni da na Agusta, kuma sanyin ƙasar bai kai na Kanada ko Suwidin ba. Wannan sassaucin yanayi ne ya sa aka daɗe ana gina gidajen katako masu siririn bango da tagogi masu gilashi falle ɗaya, kuma sai a 1978 doka ta fara tilasta sa makarin zafi a sababbin gine-gine, ta bar ɗimbin tsofaffin gidaje yadda suke. Iyalai da yawa sun saba ɗumama falo kaɗai, su bar ɗakunan kwana cikin sanyi da laima saboda tsadar wuta. Masana lafiyar jama'a sun ƙiyasta cewa ƙasar tana samun rarar mace-macen hunturu kimanin 1,600 a shekara, abin da ake nufi da wannan kuwa shi ne yawan mutanen da ke mutuwa a watannin sanyi fiye da adadin da aka saba gani a sauran watanni. Irin wannan lamari ba a Niyu Zilan kaɗai aka gan shi ba, domin wani nazari da John Healy ya wallafa a 2003 ya gano cewa a Turai rarar ta fi yawa a Fotugal, inda ta kai kashi 28 cikin 100, alhali a Finlan mai tsananin ƙanƙara kashi 10 ne kawai, kuma ingancin gidaje na cikin manyan dalilan wannan bambanci.

Hanyar da sanyin ɗaki ke bi ya cutar da jiki sananniya ce ga likitoci. Idan jiki ya daɗe cikin sanyi, jijiyoyin jini na fata suna tsukewa domin su riƙe ɗumi, jini ya hau kuma ya ƙara kauri, wanda hakan ke ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, musamman ga tsofaffi da waɗanda dama suke da ciwon zuciya. Ta ɗaya ɓangaren, tururin girki da wanka da numfashi yana taruwa ya zama raɓa a jikin bango mai sanyi, laima ta zauna, funfuna ta tsiro, ƙurarta kuma ta riƙa tayar da ciwon asma da tari ga yara. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin gidaje da lafiya da ta fitar a 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas a ƙasashen da ke da lokacin sanyi.

Makarin zafi da aka ambata wani abu ne mai taushi da kauri, kamar audugar gilashi ko ulun tumaki, da ake shimfiɗawa a saman silin da ƙarƙashin daɓen katako da cikin bango, kuma aikinsa shi ne riƙe iska a tsakanin zarurrukansa domin zafi ya kasa ratsawa da sauri. Aikin kular abinci yake yi, wadda ke riƙe zafin tuwo idan tuwo aka zuba, ta kuma riƙe sanyin ƙanƙara idan ƙanƙara aka sa.

Tambayar da ta daɗe ba ta da gamsasshiyar amsa ita ce ko gyaran gida da kansa yana inganta lafiya, domin mazauna gidaje marasa kyau galibi talakawa ne, talauci kuma yana zuwa da cututtukansa, ta yadda da wuya a rarrabe laifin gini da laifin rashi. Farfesa Philippa Howden-Chapman ta reshen Jami'ar Otago da ke Welintan da abokan aikinta sun warware wannan ta hanyar gwajin ƙuri'a, irin wanda ake yi wa sabon magani. Sun zaɓi gidaje 1,350 masu ɗauke da mutane 4,407 a unguwanni bakwai na masu ƙaramin ƙarfi, kowane gida kuma yana da aƙalla mutum ɗaya mai matsalar numfashi, suka auna yanayin gidajen da lafiyar mazaunansu a hunturun 2001, sannan aka jefa ƙuri'a, aka sa wa rabin gidajen makarin zafi kyauta tare da toshe kafofin da iska ke kurɗawa, aka bar sauran rabin har sai da aka sake aunawa a hunturun 2002, daga nan su ma aka yi musu nasu. Tun da ƙuri'a ce ta raba gidajen gida biyu, duk bambancin da aka gani daga baya ana iya jingina shi ga gyaran da aka yi.

Sakamakon da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2007 yana da ban mamaki ta fuska ɗaya, domin canjin da na'urori suka auna ɗan kaɗan ne: ɗumin ɗakin kwana ya ƙaru da rabin digiri kacal, laimar iska kuma ta ragu da kashi 2.3 cikin 100. Amma sa'o'in da ɗakin kwana ke yi ƙasa da digiri 10 sun ragu da kusan awa biyu a kowace rana, kuma makamashin da gidajen da aka gyara suka ci bai wuce kashi 81 cikin 100 na abin da sauran suka ci ba. Ta ɓangaren lafiya, yiwuwar mutum ya ce lafiyarsa ba ta da kyau ta ragu da kusan rabi, haka ma yiwuwar yaro ya yi fashin makaranta saboda ciwo, sannan kukan ƙirji da fashin aiki na manya da zuwa wurin likita duk sun ragu. Kwanciya a asibiti saboda ciwon numfashi ita ma ta yi ƙasa, kodayake masu binciken sun bayyana cewa yawan waɗanda aka kwantar bai kai a yanke hukunci da shi ba, kuma da yawa daga cikin amsoshin daga bakin mazauna gidajen suka fito, waɗanda sun san an gyara musu gida. Wannan iyaka ce ta gaskiya ga binciken, ita ce kuma ta sa aka buƙaci hujja ta biyu daga alƙaluman asibiti.

Kafin nan, masu binciken sun sake wani gwajin da aka wallafa a 2008 a kan yara 409 masu ciwon asma, inda aka maye gurbin hitar gas marar bututun fitar da hayaƙi da na'urorin ɗumama ɗaki masu tsabta. Ma'aunin ƙarfin huhun yaran bai nuna wani canji na a zo a gani ba, amma gurɓatacciyar iskar da gas ke fitarwa ta ragu a ɗakuna, yaran suka sami sauƙin tarin dare, kwanakin fashin makarantarsu kuma suka ragu da kusan kwana biyu a hunturu guda.

A watan Yulin 2009, gwamnatin Firaminista John Key, bisa yarjejeniya da jam'iyyar masu rajin kare muhalli, ta ƙaddamar da shirin ɗumama gidaje na ƙasa baki ɗaya, wanda aka ware wa fiye da dalar Niyu Zilan miliyan 300. Shirin ya biya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin makarin zafi ga duk gidan da aka gina kafin 2000, ya biya kashi 60 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi da ke riƙe da katin tallafin gwamnati, kuma zuwa 2013 an gyara gidaje kimanin 235,000. Da aka zo tantance shi, masana tattalin arziki ƙarƙashin jagorancin Arthur Grimes sun kwatanta mitocin wuta da bayanan asibiti da na magunguna da na mace-mace a gidajen da aka gyara da takwarorinsu da ba a gyara ba. Sun gano cewa wutar lantarkin da aka tsimta ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba, wanda da a ce shi kaɗai ne ma'auni da an kira shirin asara. Amma da aka haɗa da lafiya, kowace dala ɗaya da aka kashe ta dawo da amfanin kusan dala huɗu, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na wannan amfani daga lafiya ya fito, mafi yawansa daga raguwar mace-mace a tsakanin tsofaffin da suka haura shekara 65 waɗanda aka taɓa kwantar da su saboda ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini.

Dalilin ƙarancin tsimin wutar ya cancanci bayani, domin a nan ne ake yawan yi wa irin waɗannan manufofi gurguwar fahimta. Masana suna kiran abin koma-baya na tsimi, ma'ana idan ɗumama ɗaki ya yi araha saboda ɗumin ya daina zurarewa, iyali sukan ƙara ɗumama gidan maimakon su rage abin da suke kashewa. Injiniyan da ke lissafin wuta yana ganin wannan a matsayin asara, amma ga iyalin da a da suke kwana cikin digiri 10, ƙarin ɗumin nan shi ne ainihin abin da ya hana tsoho bugun zuciya, ya kuma bar yaro a aji. Gidan mai hali, wanda dama yana da ɗumi, shi ne ke mayar da gyaran ya zama ragin kuɗin wuta, gidan talaka kuwa yana karɓar rabonsa ne a matsayin lafiya, kuma tantancewar ta nuna amfanin lafiyar ya fi yawa a gidajen masu katin tallafi. Bisa wannan fahimta, shirye-shiryen da suka biyo baya daga 2013 sun taƙaita tallafin ga masu ƙaramin ƙarfi da masu larurar lafiya, matakin da hujja ta goyi bayansa.

Ya kamata a lura cewa dala huɗun nan ba tsabar kuɗi ba ce da ta koma baitulmali, domin mafi yawanta ƙima ce da masana tattalin arziki ke ɗora wa shekarun rayuwar da aka ceto, irin wadda ake amfani da ita wajen yanke shawarar gyaran hanya mai yawan haɗari. Akwai kuma wata matsala ta tsarin mulki da wannan lissafi ya fito da ita: ma'aikatar makamashi ce ke kashe kuɗin, ma'aikatun lafiya da ilimi ne ke ganin amfanin, don haka duk gwamnatin da ke auna kowace ma'aikata da littafinta kaɗai za ta riƙa raina irin wannan aiki.

Hujjar da ta fito daga wasu ƙasashe tana ƙara jan kunne game da alƙawarin ragin kuɗin wuta. A Amurka, inda gwamnatin tarayya ke gyara gidajen talakawa kyauta tun 1976, Meredith Fowlie da Michael Greenstone da Catherine Wolfram sun yi nazarin gidaje kimanin 30,000 a jihar Mishigan, suka wallafa a 2018 cewa makamashin da ake ci ya ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, amma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin da aka tsimta kusan sau biyu, hasashen injiniyoyi kuma ya zarce abin da mita ta nuna nesa ba kusa ba. A Meksiko, shirin da ya taimaka wa gidaje kusan miliyan biyu su sauya tsofaffin firji da iyakwandishan tsakanin 2009 da 2012 ya rage wutar masu sabon firji da kashi 8 cikin 100, kwatan abin da aka yi hasashe, masu sabuwar iyakwandishan kuwa wutarsu ƙaruwa ta yi, saboda sun riƙa kunna ta fiye da da. Birtaniya ta gina nata shirin na 2013 kacokan a kan wannan alƙawari, inda aka ce maigida ya ci bashi mai ruwa ya gyara gidansa ya riƙa biya daga rarar kuɗin wuta, sai ga shi gidaje kimanin 14,000 kawai suka karɓa, aka daina zuba masa kuɗi a 2015.

A Niyu Zilan kuwa, tallafi kaɗai bai isa ga gidajen haya ba, kuma a cikinsu ne talakawa da yara suka fi yawa. Mai gida ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ne zai ji ɗumin ya kuma ga ragin kuɗin wuta, shi ya sa masu gidaje da yawa suka yi biris da shirin ko da gwamnati ta ɗauki kaso mai tsoka. Lamarin ya girgiza jama'a a 2015, lokacin da mai binciken musabbabin mutuwa ya bayyana cewa sanyi da laimar wani gidan haya na gwamnati a unguwar Otara ta birnin Oklan suna cikin abubuwan da suka taimaka wajen rasuwar wata yarinya 'yar shekara biyu. Daga nan doka ta wajabta makarin zafi a gidajen haya zuwa 1 ga Yulin 2019, majalisa kuma ta zartar da wata dokar a 2017 wadda ta haifar da ƙa'idojin gida mai lafiya na 2019, waɗanda suka tanadi na'urar da za ta iya ɗumama falo zuwa digiri 18, da makarin zafi, da fankar fitar da tururi a kicin da banɗaki, da magudanar ruwa, da toshe kafofin iska, aka kuma sa 1 ga Yulin 2025 a matsayin wa'adin ƙarshe ga dukkan gidajen haya. Masu gidaje sun yi ƙorafin cewa kuɗin zai koma kan 'yan haya ta hanyar ƙarin kuɗin haya, kuma ƙorafi ne da bai kamata a yi watsi da shi ba, domin dokar da ta gyara gida ta kori talakan da ke cikinsa ba ta yi masa komai ba.

Ostareliya, maƙwabciyar Niyu Zilan, ta nuna abin da gaggawa ke jawowa. A watan Fabrairun 2009 gwamnatin Kevin Rudd ta ƙaddamar da shirin sa makarin zafi a rufin gidaje, babban burinta kuma shi ne samar da ayyukan yi cikin hanzari a lokacin durƙushewar tattalin arzikin duniya. Kamfanoni marasa ƙwarewa suka yi tururuwa, aka riƙa tura matasa cikin silin ba tare da horo ba, wasu suna kafa makarin ƙarfe mai ƙyalli da ƙusoshin ƙarfe kusa da wayoyin wuta. An yi aiki a gidaje fiye da miliyan ɗaya, amma ma'aikata matasa huɗu sun rasu, uku wutar lantarki ta kama su, ɗaya kuma zafin cikin rufi ya kashe shi, aka kuma danganta gobara fiye da 200 da aikin, har aka rufe shirin a Fabrairun 2010. Kwamitin bincike da Ian Hanger ya jagoranta ya bayyana a 2014 cewa da an tsara shirin yadda ya kamata da ba a yi asarar waɗannan rayuka ba.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da aikin ko da ba a yi gaggawa ba, shi ne toshe gida ba tare da bar masa hanyar shan iska ba. Kafar da ɗumi ke zurarewa ta cikinta ita ce kuma ke fitar da tururi da hayaƙi da ƙwayoyin cuta, don haka gidan da aka liƙe ko'ina yana iya tara laima fiye da da, a wasu yankuna kuma ya tara radon, wata iska marar launi da wari da ke fitowa daga ƙasa wadda ke haddasa kansar huhu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin Niyu Zilan suka haɗa toshe kafofi da fankar fitar da iska a doka guda.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a lokacin hunturu akan rufe ƙofa da taga a shigar da kaskon garwashi ɗaki, garwashin da ke ci a rufaffen wuri kuma yana fitar da kabon monoksayid, guba marar wari da ke sa mutum barcin da ba ya farkawa, kamar yadda hayaƙin janareto ke yi idan aka kunna shi a cikin gida ko a bakin taga. Sai dai babbar matsalar gidajen Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ita ce zafin bazara, lokacin da rufin kwano marar silin ke ɗaukar rana ya sauke ta a kan mazauna ɗaki, ya hana barci, ya galabaitar da jarirai da masu ciki da tsofaffi. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi ta hanyar da bulo da kwano ba sa yi, kuma matakan da ke rage zafin ɗakin kwano ba su da tsada sosai: silin, da sarari mai shan iska tsakaninsa da kwano, da farin fenti a kan rufi wanda ke mayar da hasken rana, da tagogi masu fuskantar juna, da inuwar bishiya a yammacin gida. Birnin Ahmadabad na Indiya, wanda zafin 2010 ya kashe masa mutane fiye da dubu, ya shigar da fentin rufi cikin shirinsa na yaƙi da zafi a unguwannin marasa galihu.

Najeriya tana da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017, wadda ta taɓo batun makarin rufi da girman tagogi da inuwarsu, amma amincewa da zanen gini yana hannun jihohi, mafi yawan gidajen talakawa kuma ana gina su ne ba tare da sun bi ta ofishin tsara birane ba. Tun daga Afrilun 2024, lokacin da kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta na tsawon sa'o'i mafi yawa, ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit, sanyaya ɗaki da iyakwandishan ya ƙara yin nisa da mai matsakaicin hali, wanda hakan ke ƙara wa gyaran rufi daraja. Gidan da ba shi da iyakwandishan tun farko ba zai nuna wani ragi a mita ba idan aka sa masa silin, don haka hukumar da ta gwada irin wannan shiri a Kano ko Zariya za ta buƙaci ta raba gidaje ta hanyar ƙuri'a kamar yadda aka yi a Niyu Zilan, ta auna zafin ɗakin kwana da dare, ta kuma bi rajistar asibitin unguwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu.